Idon Alƙalin Wasa

Litinin 3 ga wata, ƙarfe 4:20 na yamma

Sunana ya fito! Ya fito!

Ina tsakiyar filin makaranta da 'yan aji uku muna tsallen igiya, wayata ta yi ƙara. Sakataren ƙungiyarmu ta alƙalan wasa ne. Ya ce, "Malam, a tsaye kake ko a zaune?" Na ce malamin wasanni ai ba ya zama. Ya ce to in nemi abin dafawa, don ina cikin mutum shida da za a ɗaga zuwa babban rukuni.

Shekara goma sha huɗu ina hura usur a filayen da akuya kan ratsa ana tsakiyar wasa. Shekara goma sha huɗu ana ce mini "rafali makaho" ina yafewa. Ban san lokacin da na hura usur ɗin da ke wuyana ba, sai gani na yi yara sun tsaya cak suna kallona.

Abu biyu suka rage: gwajin gudu ranar Asabar, sai takardar likita kafin ƙarshen wata. Zuciya, jini, ido. Wasa ne wannan.

Da na gaya wa maman yara, wadda nake kira Shugaba don gaskiya ita ke mulkin gidan, sai ta ajiye ludayi ta ce, "To, yanzu a talabijin za a riƙa zaginka ke nan, ba a unguwa ba." Amma na ga ta juya baya tana goge ido da bakin mayafi.

Talata 4 ga wata, 6:10 na safe

Zagaye goma sha biyu kafin rana ta fito. Shekara arba'in da biyu, amma ƙafar nan ta ɗan ashirin ce. Babban rukuni!

Alhamis 6 ga wata, 1:45 na rana

Na kira Yaya in yi masa albishir. Shi ya fara saya mini usur ina ɗan sakandare, lokacin yana sabon shiga tuƙin babbar mota. Ya yi murna, ya ce Allah ya sa alheri, amma muryarsa ba ta tashi ba. Na ce yana wane gari yanzu. Ya ce yana gida, motar tana gareji. Wai ƙaramin abu ne.

Ba zan rubuta wannan yau ba. Makon farin ciki ne.

Asabar 8 ga wata, 12:30 na rana

Na ci gwajin gudu! Na biyu na zo cikin mu shida, wanda ya riga ni kuma na girme shi da shekara tara. Dogo, abokina mai ɗaga mini tuta tun muna ƙananan wasanni, shi ma ya tsallake, sai dai ya kwanta a ciyawa yana cewa a gaya wa matarsa ya yafe mata komai.

An nuna mana rigunan da za a ba mu. Ruwan ɗorawa, da baƙin layi a kafaɗa. Na shafa tawa sau uku, har Sakatare ya ce, "Malam, ba amarya ba ce." Sai an kawo takardar likita za a miƙa.

Wasana na farko ranar Lahadi 6 ga watan gobe. Na rubuta a bangon ɗaki da fensir. Shugaba ta gani, ta ce ni zan goge.

Talata 11 ga wata, 5:00 na yamma

Zuciya lafiya. Jini lafiya. Likitan ma ya ce da kowa irina ne da sun rufe asibiti.

Sai ɗakin ido. Tunda aka haife ni ban taɓa shiga ɗakin ido ba, me zai kai ni? Ni da nake karanta lambar mota daga ƙofar makaranta. Likitar mace ce, 'yar gajeruwa, tabarau a wuya. Ta sa na rufe ido ɗaya in karanta harufan jikin allo. Na karanta har layin ƙasa. Na canza ido, na sake karantawa har ƙasa, na ƙara mata da sunan kamfanin da ya buga allon, ƙanana a can gefe. Ta yi dariya ta ce, "Kai, malam, a bar mana na gobe."

Na miƙa mata takarda ta sa hannu. Ta ce saura kaɗan. Ta ɗiga mini wani ruwa, ta sa na ɗora haɓa a kan wata na'ura, wata shuɗiyar fitila ta matso har ta taɓa idon. Ta rubuta. Ta sake aunawa. Sai ta haska cikin idon da wata fitila, ta daɗe a na hagu. Dariyar ta tafi.

Ta ce akwai ruwa a cikin kowane ido, yana shiga yana fita. In hanyar fitar ta cushe sai ya taru ya riƙa danne jijiyar gani. In an auna ƙarfinsa, na yawancin mutane ba ya wuce ashirin da ɗaya. Nawa ashirin da bakwai a dama, talatin da ɗaya a hagu.

Na ce, "Likita, ni fa ba abin da ke damuna. Ba ciwo, ba ƙaiƙayi, ba hazo."

Ta ce, "Na sani. Ba ya ciwo. Daga gefe yake fara ci, a hankali, tsakiya kuma tana nan garau. Mutum sai ya karanta layin ƙasa shekara goma alhali ana cin sa."

Ta faɗi sunan abin. Ba zan rubuta ba.

Ta tambaya ko a danginmu akwai wanda ya rasa gani. Na ce babu.

Ba ta sa hannu ba. Wai in dawo Juma'a a yi wani gwaji.

Laraba 12 ga wata, 6:30 na safe

Ban fita gudu ba.

Laraba, 7:15 na yamma

Na ce wa Shugaba layi ne ya yi yawa, shi ya sa ban gama ba. Ta dube ni ta ce, "Allah ya rage layi." Duk yau ina rufe ido ɗaya ina buɗewa. Ina ganin agogo. Ina ganin ƙusar da ke riƙe da agogo. Ina ganin komai. Komai nake gani.

Alhamis 13 ga wata, 4:40 na yamma

Na gaya wa Dogo a bayan ɗakin ajiye ƙwallaye. Ya ce, "Haba, mutumina! Kai da ka hango hannu a cikin mutum goma? Na'urarsu ce ta lalace." Ya ce ya san wani ƙaramin asibiti, kana karanta allo za su buga maka hatimi, ba fitila ba ɗigo. Minti biyar. Wai mu je gobe da safe.

Na ce zan yi tunani. Kuma wallahi na yi tunanin. Takardar tana aljihuna, har ta fara laushi.

Da zai tafi na ce, "Dogo, wasan ƙarshe na bara, da ka ɗaga tutar satar gida ban gani ba har aka ci ƙwallon, ta wane gefena kake?"

Ya ce, "Hagu."

Juma'a 14 ga wata, 7:00 na safe

Inna, mahaifiyarmu, tana zura zare a allura har ƙarshen rayuwarta. Wannan nake ta tunawa. Tana zura zare, amma ta tashi sai ta yi karo da ƙofa, ko ta yi fatali da butar da ke gabanta. Muna dariya muna cewa Inna ta cika garaje. Daga baya muka daina dariya, muka ce tsufa ne. Shekararta hamsin da takwas lokacin da ƙanwarmu ta fara riƙe mata hannu.

Na tura wa Dogo saƙo kada ya jira ni.

Juma'a, 3:30 na yamma

Gwajin nan kamar wasan yara. Ka sa kai cikin wani farin kwano, ka kafa ido a ɗigo ɗaya, duk inda ka ga ɗan haske ya ƙyafta ka danna maɓalli. Ni kuwa da son cin gasa, na riƙa dannawa kamar ana ba da kofi. Na fito ina ce wa ma'aikaciyar da ke kula da na'urar ban bar ko ɗaya ba.

Takarda ta fito. Idon dama fari tas. Na hagu da wani ɗan baƙin tabo a sama, wajen hanci, kamar an ɗiga tawada. Nan ne fitilun suka yi ta ƙyaftawa ban sani ba. Ban ga duhu ba, ban ga rami ba. Ban san ma akwai wurin ba.

Kafin likita ta buɗe baki na ce, "Ranar Talata ban faɗa miki gaskiya ba. Akwai mahaifiyarmu."

Ta ce, "Na yi zaton haka. Da ka ce babu, ƙasa ka kalla."

Ta ce abin da ya tafi ba ya dawowa, kada wani ya ruɗe ni da wani magani. Amma abin da ya tafi kaɗan ne, kuma idon dama yana rufe wa na hagu. In ruwan ya sauka da maganin ɗigawa, ina iya kai wa tsufa da ganina. Kullum, lokaci ɗaya, har iya rayuwa. "Ka zo da wuri, malam. Yawanci sai sun fara karo da ƙofa suke zuwa mana."

Na ba ta labarin tutar Dogo. Ta tambayi inda yake tsaye da inda nake, har na zana mata filin a bayan kati. Ta duba takardar, ta duba zanen, ta ce, "Wannan kam ba laifin ido ba ne. Ba ka waiwaya ba ne kawai."

Ban taɓa jin daɗin a ce na yi kuskure ba sai yau! Na yi dariya har ma'aikaciyar ta leƙo.

Sa hannu sai ranar 28, in ruwan ya sauka. Ana rufe karɓar takardu 31. Kuma ta ce duk wanda muka haɗa uwa ya zo a duba shi. Ta maimaita sau biyu.

Asabar 15 ga wata, 8:10 na yamma

Na gaya wa Shugaba duka. Ba ta yi kuka ba. Ta karɓi kwalbar ta karanta takardar ciki tun daga sama har ƙasa, ta sa ƙararrawa a wayarta ƙarfe takwas. Ta ce, "Daga yau ni ce rafali. Kwanta."

Na ƙyafta, ɗigon ya sauka a kumatu. Ta ce katin gargaɗi. Na biyu ya shiga. Yana da ɗan zafi.

Litinin 17 ga wata, 6:15 na safe

Zagaye goma sha huɗu! Na dawo. Saura kwana goma sha ɗaya.

Talata 18 ga wata, 2:00 na rana

Na je na gaya wa Sakatare da bakina, kada ya ji a wani wuri. Ya cire hula ya sosa kai. Ya ce shi ba likita ba ne, in takarda ta zo da sa hannu riga tawa ce, in ba ta zo ba akwai na bakwai yana jira. Ya ce, "Amma me ya kai ka faɗa?" Na ce ban sani ba. Na fito ƙafata ba nauyi.

Ƙanwarmu ta ce za ta je asibitin garinsu. Saura mutum ɗaya.

Alhamis 20 ga wata, 6:30 na yamma

Na je gidan Yaya. Yana zaune a tsakar gida da rediyo a kashe. Matarsa ta kawo ruwa, ta tsaya ba ta tafi ba, sai da ya ɗaga kai ya dube ta.

Ashe wani mai keke ya buge da motar. Mai keken yana asibiti, ƙafa ce, an ce zai taka. Yaya yana zuwa duba shi kullum. Ya ce, "Na duba madubi. Na waiga. Wallahi babu kowa a wurin, sai ƙara na ji." Ya faɗa sau uku, ni kuma ban tambaye shi ko sau ɗaya ba.

Da matarsa ta rako ni ƙofa ta ce a hankali, "Wannan ne karo na uku bana. Ginshiƙin ƙofar gareji, da madubin wata mota. Duk ta dama." Ta ce an gyara motar, maigidansu mai motar ya ce ya koma hanya farkon wata.

Na koma ciki na ce, "Yaya, an ce mu je a duba idonmu, dukkanmu." Ya ce shekara ashirin da shida yana tuƙi, yana hango rami tun daga nisan kilomita, ba yaron da zai koya masa gani. Yaron ni ne. Na yi masa sallama na fito, don ban taɓa mayar masa da magana ba.

Juma'a 21 ga wata, 8:05 na yamma

Ɗigo na bakwai. Ban ƙyafta ba.

Lahadi 23 ga wata, 11:00 na safe

Shugaba ce ta kawo dabarar, ni dai nawa kai saƙo. Ranar 28 za a ɗiga mini maganin da ke buɗe ƙwayar ido, ba zan iya tuƙa babur in dawo ba. Gaskiya ne kuma, likita ta faɗa. To wa zai kai ƙane asibiti in ba wansa ba?

Na kira shi. Ya ce, "Ka ga irinta ko? Kai mai ido." Zai zo! Zai zo!

Laraba 26 ga wata, 5:30 na yamma

Ba na iya zama wuri ɗaya. Na wanke takalman wasa, na sake wankewa. Na sa 'yan aji biyu gudu har suka roƙe ni don Allah. Ashirin da ɗaya. Duk abin da ya yi ƙasa da ashirin da ɗaya. Jibi.

Juma'a 28 ga wata, 4:50 na yamma

Sha bakwai da sha takwas!

Sha bakwai a dama, sha takwas a hagu! Ta auna sau biyu. Na ce ta ƙara na uku don daɗi, ta ƙi. Ta zaro biro daga aljihu ta sa hannu, ta buga hatimi, ƙarar hatimin nan ta fi mini tafin filin wasa. Ta ce in dawo bayan wata uku, kuma ranar da na daina ɗigawa ranar abin zai ci gaba daga inda ya tsaya. Na ce ta kwantar da hankalinta, akwai hukuma a gidana.

Yaya yana zaune a kujerar gefe da makullin babur ɗina a hannu. Likita ta juya ta gaishe shi, ta ce, "Yallaɓai, kai ne babban wan? Ƙanenka ya ce babu mai ido irin naka a gidanku." Ya gyara zama ya ce ai ba ƙarya ya yi ba. Ta ce, "To ga allo, mu gani ko za ka kai inda ya kai."

Ya karanta da hagu har layi na biyun ƙarshe, yana kallona yana murmushi. Ta ce ya rufe hagun.

Ya karanta babban harafin sama. Ya karanta na ƙasansa. Sai ya fara juya kai, yana neman sauran kamar wanda ke leƙe ta hudar makulli. Ya sauke hannu ya ce fitilar ɗakin ba ta da ƙarfi. Shi da kansa ya ja kujera ya ɗora haɓa a kan na'urar.

Ba zan rubuta lambarsa ba. Shi ma an yi masa gwajin kwanon nan, na ga takardar. Ta hagu da sauran fari da yawa, likita ta ce wannan za a yi yaƙi a kansa, kuma akwai kyakkyawan fata. Ta dama ban daɗe ina kallo ba.

Ta yi masa maganar tuƙi a hankali, ba ta ɓoye komai ba. Ya ce, "Na ji."

A motar haya muka dawo, babur ɗin yana can. Shi ma an buɗe masa ƙwayar ido, mu biyu muna ta runtse ido a rana kamar 'yan mage. Da muka iso ƙofar gidansa ya ce, "Ashe mai keken yana wurin."

Asabar 29 ga wata, 10:20 na safe

Na kai takarda. An ba ni riga. Na sa ta a ofishin Sakatare a kan kaftanina, ban iya jira ba. Dogo ya ce in ba shi sunan ɗakin da likitar take, wai ba don komai ba, don matarsa.

Ina murna. Wallahi ina murna. Sai in tuna, sai in sake yin murna, sai in tuna.

Talata 1 ga sabon wata, 8:20 na yamma

Matar Yaya ta kira Shugaba tana tambaya yadda ake riƙe fatar ido. Wai Yaya ya ƙyafta sau huɗu. Ya ce wa maigidansu ba shi da lafiya, a ba shi mako guda. Bai gaya masa maganar idon ba.

Idon ƙanwarmu lafiya lau. An ce ta koma baɗi.

Lahadi 6 ga wata, 7:10 na yamma

An yi! Biyu da ɗaya, kati uku, ba ja ko ɗaya. Ciyawa kamar darduma. Da na fito daga ramin shiga fili na ji ƙarar mutane, na rasa inda zan kalla, amma da na hura usur ɗin farko sai komai ya koma wurinsa. Na ba da fanareti a minti na saba'in, rabin fili ya tashi kaina, mai sa ido daga ƙungiya kuma ya ce daidai ne. Shugaba ta ce an nuno fuskata sau biyar, ta ƙirga, kuma in riƙa rufe baki in ina gudu.

Yaya ya zo. Na ba shi tikiti ban sa rai ba. Bayan an tashi na same shi a bakin ƙofar fita, ya jingina da bango yana jira jama'a su ragu. Ya kama rigar ya murza yadin da yatsa, ya ce, "Ba laifi."

Muka tsaya. Sai ya ce, "Gobe kana da aji da safe?"

Na ce sai ƙarfe goma sha ɗaya.

Ya ce, "Ka zo ka raka ni gareji. Zan kai musu makullinsu." Ya juyo ya dube ni. "Ban san me zan ce wa mutumin ba. Kai ka iya magana da masu fushi."

Na ce to, Yaya.

Muka nufi titi cikin sauran mutane, masu babura suna ta kutsawa. Na saba tun ina yaro in bi bayansa, yau ma bayansa na bi. Ya tsaya, bai waiwayo ba, ya miƙo hannu ya jawo ni.

Ya ce, "Dawo nan. Tsaya ta damana."